Wata Bakwai Ina Amsa Sunan 'Yata

Kunnen 'yata na hagu ba ya jin komai yanzu, na dama kuma rabi-rabi yake ji. In za ka yi mata magana sai ka zagayo ta damanta, ka bari ta ga bakinka. Mutane suna cewa bom ne ya jawo, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma likita ya gaya mini cewa bom fasa kunnen kawai ya yi, bai kashe shi ba. Abin da ya kashe shi wata bakwai ne da aka yi ba wanda ya lura. A cikin watannin nan tana makaranta, kullum ana rubuta cewa ta zo, har ana cewa tana cikin na gaba-gaba. Labarin wannan makarantar nake so in bayar, don har yau in na tuna ta sai abinci ya fita daga raina.

Ni mai wankin hula ne a unguwar Hausari. Kakana ne ya zo daga ƙasar Kano, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. Karatuna firamare ne, daga aji shida na koma shago. Mutum ne ni mai yawan saƙe-saƙe. In na kulle shago sai na dawo sau biyu na ja kwaɗon. In na miƙa wa mutum hularsa sai na bi shi da ido har ya sha kwana, ina tunanin ko ta wani na ba shi. Na faɗi wannan ne don a san ba sakaci ne halina ba.

Yarinyar ita ce 'yar farinmu, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata. Kunya ta zama biyu ke nan. Ban taɓa kiran sunanta ba, uwarta ma haka. A gidanmu haka muka taso: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama a yi hira da shi, ba a nuna ana ji da shi a gaban mutane. In ina son ruwa kuma ita ce a kusa, sai in miƙa hannu in nuna randa. In uwarta za ta aike ta, sai ta matsa ta taɓa kafaɗarta, ko ta ce wa wata a gidan, "Gaya wa waccan ta zo." Wuri ɗaya ne tak a duniya da ake ɗaga murya kullum a kira sunanta cikakke, har da nawa a ƙarshe. Ajinsu ne.

Makarantar gwamnati ce ta unguwarmu, wadda ni ma na yi. Ba zan yi mata ado ba. Yara sun fi benci yawa, rabinsu a ƙasa suke zama. Da damina rufi yana yoyo. Akwai malamin da sai ya gama shan shayi da hira a gindin bishiya yake shiga aji, akwai bulala, akwai makewayin da ba ya shiguwa. Na sha zagin makarantar nan a shago. Amma da ƙarfe takwas, in an watse daga layi, malamar ajinsu takan buɗe rajista ta kira suna ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta sa alama sai ta ɗaga kai ta ga fuskar mai amsawa. Babarbariya ce, dattijuwa, mai kakkaurar murya. Yaro ya yi kwana uku ba ta ji muryarsa ba, za ta biyo ta gidansu bayan an tashi, ta tsaya a zaure ta ce wushe, gaisuwarsu ta Barbarci, ta tambayi dalili. Ta taɓa zo mana lokacin da yarinyar ta yi zazzaɓi. Har na ji haushi a lokacin, na ce wa matata wannan shisshigi ne.

Da abubuwa suka tsananta, aka shiga ƙona makarantu ana harbin malamai, sai aka rufe makarantun gaba ɗaya. Ba a daɗe ba tamu ta cika da 'yan gudun hijira. Ajin 'yata ya koma ɗakin kwanan iyali huɗu, an raba shi da zannuwa. Gidanmu ma ya cika. Dangin matata suka zo daga ƙauye da ƙafa, mu bakwai muka koma ashirin da wani abu. A tsakar gida ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kukan jarirai da daka da rediyo da janareton maƙwabci. Tana aji biyar a lokacin.

Wata rana da hantsi aka aike ta sayo kayan miya, abu ya tashi a inda masu keke ke tsayawa, ba nisa da ita. Da ƙafarta ta dawo, ledar tumatir a hannu, ƙura har gira, ko ƙwarzane babu. Na sa uwarta ta shiga da ita ɗaki ta duba jikinta, da suka fito na sa ta koma ta sake dubawa. Ta ce kunnenta yana ƙugi. Ranar rabin unguwa kunnensu ƙugi yake yi. Aka ɗiga mata man zaitun mai ɗumi, ni kuma na karɓo rubutu saboda firgita. Bayan kwana uku ta daina faɗa. Ban kai ta asibiti ba. Asibiti cike yake da waɗanda suka rasa hannu da ƙafa, na ji kunyar in bi layi da yarinyar da ko jini ba ta zubar ba. Abin da na yi kawai shi ne na hana ta leƙa ko ƙofar gida.

Bayan kamar sati uku bulama, wato mai unguwarmu, ya tara magidanta a ƙofar gidansa. Wasu samari biyu ne suka zo da riguna iri ɗaya. Suka ce wani kamfani ne ya yi yarjejeniya da hukuma zai koyar da yara a gida ta intanet. Iyaye ba za su biya komai ba, kamfanin ake biya bisa kowane yaron da ke cikin rajistarsa. Ba aji, ba tafiya, ba bulala. Malaman suna wani gari mai nisa, an ɗauki darussansu ana turowa cikin kwamfutar hannu, yaro ya zauna a ɗakin uwarsa ya yi karatu. Na ɗaga hannu na tambaya wa zai riƙa duba yaran. Ɗayansu ya yi murmushi.

"Baba, na'ura ba ta makara, ba ta yajin aiki, ba ta zuwa biki."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Gaskiyar magana ni na fi kowa rawar jiki. Gurbi kaɗan ne, kwana biyu na yi ina zarya gidan bulama kafin aka sa sunanta. Duk bayanin da suka yi abu ɗaya na ji a ciki: ba za ta ƙara fita ba.

Aka ba mu abin, wanda a unguwa muke ce wa allon gilashi, tare da iyafis, igiyar nan mai kai biyu na roba da ake cusawa a kunne. Su ma suna da kiran suna, sai dai ba murya ce ke kira ba. Tsakanin takwas da tara na safe allon yana kwance baƙi ƙirin kamar an kashe shi. A wani lokaci da ba a sani ba sai ya yi ƙara sau uku irin ta ƙararrawar keke, wani ɗan da'ira ya fito na minti ɗaya. In an danna ya zama kore, yaro ya zo ke nan. In ba a danna ba ya zama ja. Ja biyar a wata, a cire suna, a karɓe allo a ba wani.

A satin farko ta samu ja uku. Saƙo ya shigo wayata da Turanci, na kai wa mai kemis ya karanta mini. Ranar ban ci abinci ba. Na dawo gida na yi mata faɗa irin yadda ake yi wa ɗan fari, wato na tsaya a tsakar gida ina yi wa uwarta faɗa ita kuma tana zaune kusa. Na ce allo yana gefen mutum yana ƙara amma hankali yana wani wuri. Na ce in aka cire sunan nan karatu ya ƙare, don ba wata makaranta a garin nan. Ina tuna yadda ta ƙura wa bakina ido har na gama. Na ɗauka ladabi ne.

Washegari na kira lambar da aka liƙa a bayan allon. Na daɗe ina kira kafin wata mace ta ɗauka, Hausarta ba irin ta nan ba. Na ce yarinyar tana zaune kusa da allon amma ba ta dannawa, ko ƙarar ce ba ta fita sosai? Ba ta tambaye ni shekarunta ba, ba ta tambayi lafiyarta ba. Lambar allo ta tambaya. Da na karanta mata, sai ta ce:

"Baba, wannan ba matsala ba ce. Kowa ma ya danna kore zai nuna. Ka dai tabbata an danna."

Maganar ta tsaya mini a rai. In na danna a madadinta, ban yi shaidar zur ba? Bayan sallar azahar na tsare liman na tambaye shi. Ya ce lokacin da zan danna yarinyar tana nan zaune? Na ce tana nan. Ya ce to ai gaskiya na shaida. Washegari na koma na tambaye shi in fa ta zagaya bayi a daidai lokacin. Ya ce in bari ya ci abincinsa.

Daga nan na sauya lokacin buɗe shago. Kullum da yamma ni ke kai allon wurin mai caji, ni ke karɓo shi, in duba batirin sau uku. Da safe in zauna a kan turmi a kusurwar da sabis ya fi ƙarfi, kusa da katangar maƙwabci, allo a cinyata, babban yatsana a sama yana jira. Huluna suna jiƙe a shago, masu su suna zuwa suna komawa, ni ina nan. In ya yi ƙara in danna, ya zama kore, in yi hamdala. Sai in miƙa wa uwarta, ita kuma ta miƙa mata. Wata bakwai ba mu ƙara ganin ja ba.

Ita kuma sai ta cusa iyafis ta ja hijabi a kai, ta zauna a lungu bayan randa daga tara zuwa azahar. Na kafa doka a gidan cewa in igiyar nan tana kunnenta ba mai yi mata magana, ba mai aiken ta. Da tafiya ta yi tafiya sai ta riƙa barin igiyar a kunne har yamma, ko da allo yana wurin caji. In an yi magana ba ta juya ba sai a ce karatu take maimaitawa. Ni kuwa daɗi nake ji. Ina gaya wa abokan shago cewa tawa ba ta da lokacin surutu.

Bayan kowane darasi akwai tambayoyi, kowace da amsa huɗu. In ka danna wadda ba ita ba, sai ya ce ka sake gwadawa, ka sake, har ka faɗa kan daidai. Ƙarshen wata sai saƙo ya zo da taurari a jere. Sai daga baya na san abin da take yi a lungun nan. Mutumin da ke cikin allon ba ta jin sa. Takan bi bakinsa da ido, amma in sabis ya yi rauni sai hoton ya tsaya cik, sau da yawa kuma ba fuska ma, zane ne kawai da murya a bayansa. Sai ta jira tambayoyi su fito, ta yi ta dannawa har ya zama kore. Wannan su suke kira ƙoƙari. Ba wanda ya taɓa cewa ta tashi ta karanta layi ɗaya a ji.

Sau biyu aka kusa nuna mini, sau biyu na toshe.

Na farko yayata ce, mai haɗa turaren wuta a unguwar Mairi. Ita ba ruwanta da kunyar ɗan fari, 'yar ɗakinta ce. Ta zo wata Juma'a da safe, tun daga zaure take kiran sunanta. Yarinya ba ta juya ba. Na yi sauri na tare ta na ce ta rage murya, ana darasi.

"Wane darasi ne mutum yana zaune ana kiran sa ba ya ji?"

Na ce haka karatun zamani yake, sai an tattara hankali wuri ɗaya.

"Kai da ka maimaita aji huɗu ne za ka gaya mini karatun zamani? Cire mata igiyar nan ta gaishe ni."

Na ƙi, na ce sai an tashi. Da aka tashi ta zo ta durƙusa a gabanta, fuska da fuska, suka gaisa lafiya lau, duk abin da aka tambaye ta ta amsa. Na kalli yayata irin kallon kin gani ko. Da na raka ta zaure sai ta rage murya ta ce yarinyar ta rame, kuma akwai wani wari a hijabinta da ba ta gane ba. Mace ce da hancinta shi ne sana'arta, takan san itacen turare ya kwana a ruwa tun kafin a kwance buhu. Amma ni sai na ɗauka gorin wanki take yi wa matata, a gidan da mutum ashirin ke raba jarka shida. Muka rabu ba daɗi. Na gaya wa matata, ta yi kuka, ta wanke hijaban yarinyar duka har da waɗanda ke cikin akwati. Ni kuma na sayo sabulu mai ƙamshi na ɗauka na yi maganin abin.

Na biyu Malama ce, malamar nan ta ajinsu. Na je Kasuwar Kwastam sayen sitaci muka haɗu, ta tsufa ƙwarai a 'yan watannin. Kafin mu gama gaisawa ta tambayi yarinyar da cikakken sunanta. Na zaro waya na nuna mata taurarin. Ta kawo wayar kusa da ido, ta daɗe tana kallo, ta miƙo mini.

"Wa ya ji ta tana karatu da baki?"

Na ce na'ura ce ke dubawa.

"Na'urar ta san muryarta?"

Na mayar da wayar aljihu. Na tafi ina cewa a raina baƙin ciki take don an ƙwace musu aiki.

Daga baya aka kwashe 'yan gudun hijira zuwa sansani, aka share makarantarmu aka ce yara su koma. Kamfanin ya turo saƙo cewa wanda yake so ya ci gaba a gida. Ni so nake. Hanyar makarantar nake tsoro. Mai kemis ne ya tambaye ni a ina za ta zauna jarrabawar shiga sakandare, tunda makarantar tata ba ta da ko ƙofa. Na kira lambar nan, suka ce ana kan tattaunawa. Na sake kira bayan sati, aka ce ana kan tattaunawa. Tsoron jarrabawa ne ya rinjayi tsoron hanya, ba wani hankali nawa ba.

Ranar Litinin na raka ta da kaina, ina gaba tana baya da taku kamar goma. 'Yan gora, samarin sa-kai masu gadi, suka caje yara a ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Da ta shiga aji na kasa tafiya, na zagaya na tsaya a jikin taga kamar mai gyara takalmi. Bangon ajin ya yi baƙi da hayaƙin girki, benci kuwa an ƙone mafi yawa, duk a ƙasa suke zaune. Ita tana layi na uku, ta ɗaga kai tana kallon ƙusoshin da aka ɗaura zannuwa a jiki.

Malama ta buɗe rajista. Tana kira ana amsawa, wani sunan kuma in ta kira sai aji ya yi shiru, wani yaro ya ce sun tafi, ko ya ce Allah ya yi masa rasuwa, ta yi addu'a ta wuce. Ta zo kan sunan 'yata ta kira. Shiru. Ta ɗaga kai ta gan ta zaune, ta sake kira da ƙarfi. Yara suka fara juyowa suna dariya. Ta kira na uku. Wallahi babban yatsana ne na ji ya motsa a cikin aljihu.

Malama ba ta yi tsawa ba, ba ta ɗauki bulala ba. Ta rufe rajistar ta tashi, ta ratsa yara ta zagaya ta bayanta. Ta sunkuya ta kira sunan a hagunta, ba motsi. Ta koma dama ta kira, yarinya ta zabura ta miƙe tsaye. Malama ta kama hannunta ta fito da ita baranda, ta ɗaga gefen hijabin. Akwai auduga a cushe a kunnen, ta koma ruwan ɗorawa. Duk abin nan bai kai minti uku ba. Ashe ta gan ni tun ɗazu, don ko waigowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, zagayo."

Ta tambaye ni tun yaushe. Na ce ban sani ba. Ta faɗi wata magana da Barbarci wadda rabinta na gane, rabin ya ishe ni. Sannan ta koma Hausa.

"Yau za ka kai ta asibiti, ba gobe ba. Ajin nan ba inda zai je."

Mun yi awa huɗu a layi. Likita ya haska kunnuwan, ya wanke. Ya ce ƙarar bom ta fasa fatar ciki ta kunnuwan biyu. Na dama ya haɗe da kansa ko da ba sosai ba. Na hagu ƙwayar cuta ta shiga, ta zauna tana ci wata da watanni, robar da ake cusawa kullum kuma ta toshe shi ta hana shi bushewa. Ya ce da an kawo ta a satin farko, magani na 'yan kwanaki zai iya isa. Sai ya matsa ta damanta ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa wa kowa ba. Ta sunkuyar da kai.

"Baba ya ce in aka cire sunan karatu ya ƙare."

Wannan ɗaya ta ji. A cikin duk faɗan da na yi ranar nan, wannan ta iya karantawa a bakina.

Bayan kwana biyu na naɗe allon a tsumma na kai ofishinsu, wani shago ne da suka kama haya suka rataya ƙyalle a ƙofa. Ba samarin farko na tarar ba, wani sabo ne. Ya shigar da lambar allon a kwamfutarsa, fuskarsa ta washe.

"Baba, ai wannan tauraruwarmu ce. Tun watan farko ba ta ƙara fashi ba."

Na ce ni ne ban yi fashi ba, ita kurma ce, a hannunku ta kurmance. Ya ce ayya, Allah ya ba ta lafiya. Na ce ina so in ga malamin ajinta. Ya ce ba a yin haka a tsarinsu, ba aji ba ne, kowane yaro da tafiyarsa. Na ce to wanda ya ga ja uku a satin farko ya turo mini saƙo fa? Ya ce ba mutum ba ne, saƙon da kansa yake fita. Na ce matar da ta ce kowa ma ya danna? Ya ce masu amsa waya suna da yawa, kuma ba a garin nan suke ba. Yana maganar yana juya allon a haske yana duba ko gilashin ya tsage. Ya tambayi iyafis. Na ɗauko shi a leda na ajiye a kan teburinsa yadda yake, ban wanke ba. Ya kalla ya ture da bayan biro.

Da na ce a cire sunanta, sai ya rage murya ya ce me zai hana in bari zuwa ƙarshen zango. Ba sai ta yi darasi ba, in koma da allon in riƙa dannawa kawai, a ƙarshe a ba ta takardar yabo. A nan na fahimci abin da koren nan yake nufi a wurinsu. Ni mutum ne da ko mai keke ya taka ni nake ba shi haƙuri, amma ranar na buga teburin nan har biro ya faɗi. Na ce a gabana zai cire, kuma ban motsa ba sai da ya juyo mini da kwamfutar na ga sunan ya ɓace.

Na san nawa laifin. Ba wanda ya kama yatsana. Liman ya ce ƙaddara ce, na yarda, amma na koma masa sau uku. Sai dai har yau in na ji wani a shago yana yabon karatun waya yana kushe ta gwamnati, ba na iya yin shiru. Nakan ce duk abin da ka faɗa a kan tamu gaskiya ne, rufi na yoyo, malamai na makara. Amma a cikinta akwai mutum ɗaya da aikinsa ne ya kira yaronka ya ɗaga kai ya jira. Waccan an gina ta ne yadda ba wanda za ka iya zuwa ka tsaya a gabansa. Wasu sukan ce 'ya'yansu sun ƙaru da ita. Ban musa ba. Yaron da lafiyarsa ƙalau ko rediyo ka ajiye masa zai tsinci wani abu.

Ta maimaita aji biyar. Malama ta zaunar da ita a gaba can gefe, yadda kunnen dama zai fuskanci tebur. Yayata ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Likita ya ce na daman ma sai an kula, in jin ya ragu a dawo da ita da wuri. Na yi ta tunanin yadda zan san ya ragu. Wata safiya tana shara a tsakar gida, ta ba ni baya, na tsaya a ƙofar zaure na buɗe baki. Sunan ya maƙale. Ban taɓa furta shi ba, ko lokacin da mahaifiyata mai sunan take da rai. Na daure na kira. Matata ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki. Gwaggon matata da ke tankaɗe ta ce yau kuma ga sabon salo, an fara kiran uwa da suna. Yarinya ba ta ji ba, tana ta shara. Na ƙara taku biyu na sake kira. Sai da na kai daidai randa ta juyo, tsintsiya a hannu, tana neman wanda ya kira ta. Da ta ga ni ne ta rasa abin yi, ta durƙusa.

Tun daga ranar kullum nake yi kafin ta fita. Daga zaure nake farawa. Yawanci a randa take juyowa. Akwai ranakun da take ji tun ina taku ɗaya kafin randa, ranar da daɗi nake wankin hula. Sau biyu sai da na wuce randa, sau biyun kuma ban buɗe shago ba, asibiti muka tafi. Ta ce mini sanyi ne kawai ya kama ta, likita ma haka ya ce. Washegari na koma zaure na kira.